Kofin matasa: ina yaran suke zuwa bayan an gama murna?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai na ce bari in ajiye ta a gaban masana. Babu ƙasar da ta kai Najeriya cin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17. Sau biyar ta ɗauka: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Brazil da ake yi wa kallon uwar ƙwallo sau huɗu gare ta. Ghana ta ɗauka a 1991 da 1995. Amma a gasar manya Najeriya ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 ba. Ajantina da ta ci kofin manya a 2022 ba ta cikin jerin waɗanda suka fara mamaye wannan kofi na yara, haka Sifaniya, wadda ta kai wasan ƙarshe a 1991, 2003, 2007 da 2017 ta faɗi duka. To ni tambayata, wannan kofin na yara yana da wani amfani kuwa, ko dai zuciya kawai yake faranta mana?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, da alama ba ka yi wayo ba a 1985, shi ya sa kake wannan tambayar. A ƙasar Sin aka yi, kuma shi ne karo na farko da aka shirya gasar, lokacin ma ta 'yan ƙasa da 16 ce, sai a 1991 aka mayar da ita 17. Yaran suka ci Jamus ta Yamma 2 da nema a wasan ƙarshe, Nduka Ugbade ya ɗaga kofi. Kafin ranar babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa cin kofin FIFA kowane iri. Ba a raina irin wannan. Daga ranar Turawa suka fara aiko da mutanensu su zo su kalli yaranmu.

Ɗan Gola:
Malam, suka zo suka kalli "yaranmu" ko suka kalli iyayen yara? 😂

Malam Habu:
Kai dai ba ka da ta ido. Bari manya su gama tukuna.

Koci Bala:
Ku bar shi Malam, yaron bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, za mu zo kan maganar shekaru. Amma ni ina so in fara da wani abu daban, domin ko da a ce kowa ya kawo shekarunsa na gaskiya, tambayar Baban Sadiq tana nan daram.

Ku ɗauki gasar 2009 da aka yi a Najeriya. Brazil ta zo da Neymar, Coutinho, Casemiro da Alisson a cikin tawagarta. Tun a rukuni aka kore su, ko zagaye na biyu ba su gani ba. Jamus ta zo da Götze da ter Stegen, ba ta yi nisa ba. Wanda aka ba kyautar gwarzon gasar shi ne Sani Emmanuel na Najeriya, yaro mai kaifin gaske wanda yake shigowa daga benci ya ci ƙwallo. Yanzu ku auna inda ƙwallo ta kai Casemiro da inda ta kai Sani Emmanuel. Ba ina kushe yaron ba ne, Allah Ya sani na so wasansa. Abin da nake nufi shi ne, gasar wata guda ba ta auna wanda zai zama ɗan ƙwallo. Tana auna wanda jikinsa ya riga na sauran nuna a wannan watan.

A shekara 16, yara biyu da aka haifa mako ɗaya za ka ga ɗaya ya yi ƙirji da gashin baki, ɗaya kuma har yanzu muryarsa ba ta fashe ba. Kocin da aka ce masa ko kofi ko kora, wa kuke ganin zai ɗauka? Mai ƙirjin zai ɗauka, ya ce a doka masa ƙwallo gaba ya bi da gudu. Wancan siririn mai kai, wanda yake ganin fili kafin ƙwallo ta iso shi, sai a ce ya dawo badi. Badin kuma ya wuce shekarun.

Baban Sadiq:
Koci, wato kana nufin kofin ma yana iya cutarwa?

Koci Bala:
Kofin ba ya cutarwa, yunwar kofin ce take cutarwa.

Malam Habu:
Koci, da girmanka, amma ka ɗauko rabin labarin 2009 ka bar rabi. Suwizalan ce ta ci mu ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe a Abuja, Seferovic ya ci da ka. Kullum ana ba mu misali da su, wai Xhaka da Rodriguez da Seferovic duk sun je gasar manya ta 2014 a Brazil. Gaskiya ne sun je. To mu fa? Kenneth Omeruo da Ogenyi Onazi da Ramon Azeez ba 'yan tawagar 2009 ba ne? Su ma ukun sun je Brazil a 2014. Omeruo da Onazi har kofin Afirka suka ci a 2013. Uku da uku ke nan, ina bambancin?

Sannan ku koma 1993 a Japan, inda muka ci Ghana 2-1. Kanu, Celestine Babayaro, Wilson Oruma. Bayan shekara uku su ne a gasar Olamfik ta Atlanta, suka ci Brazil 4-3, suka ci Ajantina 3-2, suka rataya zinare. In ba a yi 1993 ba, da wa za a yi 1996? Kada son kushe namu ya sa mu manta da abin da ya faru a idonmu.

Koci Bala:
Na karɓi wannan Malam. Sai dai ka duba tsawon zaman. Xhaka ya buga wa Suwizalan wasa sama da ɗari, ya zama kyaftin, Rodriguez ma ya haura ɗari. Ginshiƙin tawagarsu ke nan na fiye da shekara goma. Ba zuwa gasa ɗaya nake magana ba, tsayuwa nake magana.

Dakta Sabo:
Tunda Ɗan Gola ya taɓo shekaru, bari in yi bayanin gwajin da ake yi, don na ga mutane da yawa sun ɗauka na'urar tana faɗin ranar haihuwa ne. Ba haka ba ne.

Tun 2009 FIFA ta fara amfani da hoton MRI na wuyan hannu, wato hoton asibiti da ke nuna cikin jiki, a gasar 'yan ƙasa da 17. A ƙarshen ƙashin damtse na ƙasa, wajen wuyan hannu, akwai wani guringuntsi wanda ta nan ƙashi yake ƙara tsawo. Yayin da yaro yake girma, wurin yana rufewa a hankali har ya zama ƙashi ɗaya. An kasa rufewar zuwa mataki shida. Wanda nasa ya kai mataki na shida, wato ya rufe ruf, sai a ce ba zai buga ba, domin da wuya ƙwarai a samu ɗan ƙasa da 17 da nasa ya gama rufewa.

Amma ku lura da abu biyu. Na farko, "da wuya" ba "ba zai yiwu ba" ba ne. Akwai yaron da yake saurin girma, shekarunsa na gaskiya ne, takardarsa ta asibiti tana nan, amma hoto ya kayar da shi, kuma daga ranar an shafa masa baƙin fenti. Na biyu, kuma wannan ne mutane ba sa so su ji, ɗan shekara 18 ko 19 yana iya zuwa ƙashinsa bai gama rufewa ba, ya wuce lafiya lau. Saboda haka gwajin yana kama ɗan shekara 23 da ya zo a matsayin ɗan 16, amma ba lallai ya kama wanda ya rage shekara biyu ba. A matakin 'yan ƙasa da 20 kuwa ba shi da wani amfani, tunda kusan kowa nasa ya rufe. A mata ma ba a dogara da shi, saboda ƙashinsu yana rigan na maza rufewa.

Maganin gaskiya shi ne rajistar haihuwa, da kuma rubuta yaro a kundin hukumar ƙwallo tun yana ɗan shekara goma, yadda in ya kai 16 akwai tarihinsa na shekara shida da ba za a goge da biro ba.

Ɗan Gola:
Dakta, Allah Ya ƙara basira. To amma a faɗi gaskiya, wa aka fi kamawa? Ba mu ba ne?

Dakta Sabo:
Ƙanena, an kama mu, kuma ba sau ɗaya ba. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa da aka kai gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka rubuta musu a gasannin baya. Har damar karɓar baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 20 ta 1991 muka rasa saboda haka, Fotugal ta karɓa. A 2019 Gini ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na 'yan ƙasa da 17, daga baya hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta hukunta ta kan takardun bogi, Senegal ta maye gurbinta a gasar duniya. Gab da wasannin share fage na farkon 2023 Kamaru ta gwada yaranta 30, 21 suka faɗi.

Sai dai ba ciwon Afirka kaɗai ba ne. Hukunci mafi zafi da na sani a kan wannan Meziko ce ta sha shi. A 1988 aka gano ta sa waɗanda suka wuce shekaru a tawagar 'yan ƙasa da 20, FIFA ta dakatar da dukkan tawagoginta shekara biyu, har da ta manya. Shi ya sa ba ku ga Meziko a gasar duniya ta 1990 a Italiya ba.

Mahamadu:
Tunda an zo kan gwaji, 'yan uwa ku yi haƙuri in tuna muku 2016. Gab da wasanku da mu Nijar na neman gurbin kofin Afirka na 'yan ƙasa da 17, gwajin MRI ya zubar muku da yara 26. Kuka ci mu 1-0 a wasan farko, muka rama da 3-1 a na biyu. Masu riƙe da kofin duniya suka zauna a gida, tawagarmu Mena ta wuce.

Ni a wurina wannan ita ce amsar tambayar Baban Sadiq. Ku da kuka saba zuwa gasar manya kuna iya raina kofin yara. Mu kuwa zuwanmu Indiya a 2017 shi ne karon farko da aka buga taken Nijar a wata gasar duniya ta FIFA. Muka ci Koriya ta Arewa 1-0, muka fita daga rukuni, Ghana ce ta cire mu a zagaye na gaba. Ƙaramar ƙasa a ƙwallo ba ta da wata ƙofa sai wannan.

Ɗan Gola:
Yaya Mahamadu, shekara nawa yanzu kana riƙe da wannan 3-1 ɗin a aljihu? 😂

Mahamadu:
Har sai kun ba ni wani sabo.

Malam Habu:
Mahamadu ya yi gaskiya. Kuma akwai abin da ba a auna shi da "wa ya zama tauraro". Wanda ya ji wasan Dammam na 1989 ya san me nake nufi. Gasar 'yan ƙasa da 20 ce a Saudiyya, Tarayyar Sobiyet tana cin mu 4-0, saura kamar rabin sa'a a tashi. Mutane sun kashe rediyo. Yaran suka farke huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, aka je fenareti suka ci. Fotugal ta doke mu 2-0 a wasan ƙarshe, amma wa yake tuna wannan? Dammam ake tunawa.

Koci Bala:
To Malam, ka kawo ni inda nake so. Wannan Fotugal ɗin da ta ci mu a 1989, ta sake ci a 1991 a gidanta, Carlos Queiroz ne kocinsu duka biyun. Daga waɗannan tawagogi biyu aka samu Figo, Rui Costa, Paulo Sousa, Fernando Couto, João Pinto. Su ne suka ɗauki Fotugal daga ƙasar da ba ta cika zuwa manyan gasanni ba, suka kai ta kusa da ƙarshe a kofin Turai na 2000. Mu muka riƙe labarin, su suka riƙe 'yan wasan.

Kuma ni a ganina gasar 'yan ƙasa da 20 ta fi ta 17 faɗin gaskiya nesa ba kusa ba, saboda a wannan shekarun jiki ya kusa daidaita, fin ƙarfi ya ragu. Ku duba waɗanda suka haska a cikinta. Maradona a 1979 a Japan. Xavi da Casillas a 1999, lokacin da Sifaniya ta ci Japan 4-0 a wasan ƙarshe, Seydou Keita na Mali ya zama gwarzon gasar. Messi a 2005, Agüero a 2007, Pogba a 2013. Ajantina sau shida ta ɗauki wannan kofin, Brazil sau biyar. A nan jerin ya fi kama da na manya. Kuma a nan ne Najeriya ba ta taɓa ci ba, sau biyu ta kai wasan ƙarshe. Wannan kaɗai ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani: me yake faruwa tsakanin shekara 17 da 20?

Baban Sadiq:
To me yake faruwa Koci? Ai wurin nake so a zo.

Koci Bala:
Abin da yake faruwa shi ne yaron ba shi da inda zai buga ƙwallo duk mako.

Ɗan Jamus ko ɗan Sifaniya da ya je gasar 'yan ƙasa da 17, daga ƙungiya ya zo, ƙungiya zai koma. Ranar Litinin yana filin atisaye, ranar Asabar yana da wasan lig na sa'anninsa, akwai likita, akwai makaranta, akwai mai lura da abin da yake ci. Gasar duniya a wurinsa hutu ne na wata guda daga aikinsa na kullum. Jamus bayan ta sha kunya a kofin Turai na 2000 sai ta wajabta wa ƙungiyoyin babban lig su buɗe makarantun horar da yara, in ba haka ba babu lasisi. A 2009 tawagarsu ta 'yan ƙasa da 21 ta ci Ingila 4-0 a wasan ƙarshe na Turai, da Neuer, Özil, Khedira, Hummels, Boateng da Höwedes. Bayan shekara biyar duk shidan suna cikin waɗanda suka ci kofin duniya.

A ƙasashe da yawa na Afirka kuwa, tawagar ƙasa ita ce makarantar. A tara yara a sansani na wasu watanni, a je gasa, a dawo, a yi musu liyafa, a watse. Yaron yana da shekara 17, dokar FIFA ta hana a sayar da shi ƙasar waje sai ya cika 18, ban da 'yan keɓaɓɓun yanayi. A tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai kuma an yarda yaro ya sauya ƙasa tun yana 16. Saboda haka namu zai zauna jiran ranar haihuwarsa, ba ya son buga lig ɗin gida don kada ya ji rauni cinikin ya lalace, eja uku, wato dillalan 'yan wasa, suna jan sa kowa da takardarsa. Na taɓa horar da wani yaro da ya shiga irin wannan, mutum biyu kowa yana cewa shi ne mai shi, aka yi ta shari'a yaron yana zaune a ɗaki. Da aka gama rigimar ƙungiyar da take nemansa ta riga ta sayi wani.

In ma ya tafi, sau da yawa babbar ƙungiya ake kai shi, saboda nan kuɗin eja ya fi kauri. Dominic Adiyiah ya ci ƙwallo 8 a Masar a 2009, Ghana ta ci Brazil a fenareti da mutum goma a fili, ta zama ta farko a Afirka da ta ɗauki kofin 'yan ƙasa da 20. Shi ne gwarzo, shi ne mai takalmin zinare. AC Milan ta saye shi, bai buga mata wasan lig ko ɗaya ba, aka yi ta yawo da shi aro. Souleymane Coulibaly na Kodebuwa ya ci 9 a wasa huɗu a 2011, Tottenham ta ɗauke shi, shiru. Kelechi Nwakali, gwarzon 2015, Arsenal ta saye shi, bai taɓa sa rigarta a wasan gasa ba.

Osimhen kansa da ya ci 10 a Chile ya kafa tarihi, da ƙyar ya sha. Ya je Wolfsburg a farkon 2017, ga rauni ga rashin lafiya, bai ci musu ko ƙwallo ɗaya ba. Abin da ya cece shi shi ne ya sauko ƙasa, ya tafi Charleroi a Beljiyam inda ake sa shi duk mako. Daga nan Lille, daga nan Napoli, ya ci lig ɗin Italiya a 2023 da ƙwallo 26. Dashe ne, in ka cire shi daga inuwa ka kai shi tsakiyar rana lokaci guda sai ya ƙone, komai kyan irinsa.

Dakta Sabo:
Ƙari a kan maganar Koci: Wilfred Ndidi yana cikin waɗanda gwajin MRI ya cire daga tawagar 2013, bai je Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa inda aka yi gasar duniya ba, ba shi da lambar zinare. Ya tafi Genk, ya yi ta buga wasa, ya wuce Leicester. Kaɗan ne daga cikin waɗanda suka ɗaga kofin suka kai inda ya kai.

Maman Ilham:
Sannunku da muhawara. Tun ɗazu nake karantawa, an zagaya duniya an dawo, ba wanda ya tuna cewa mata ma suna buga waɗannan gasanni. 'Yan matan Najeriya, Falconets, sun kai wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da 20 a 2010 da 2014, Jamus ce ta ci su duka biyun. A 2014 a Kanada Asisat Oshoala ta ɗauki kyautar gwarzuwa da ta yawan ƙwallaye, kuma ita kam ba ta ɓata ba, ta je har Barcelona ta ci kofin zakarun Turai. Flamingos, 'yan matanmu 'yan ƙasa da 17, sun zo na uku a Indiya a 2022.

Amma misalin da ya fi dacewa da maganar Koci shi ne Koriya ta Arewa. A 2024 ta ɗauki kofin mata na 'yan ƙasa da 20 da na 'yan ƙasa da 17 a shekara ɗaya, kamar yadda ta yi a 2016. A 2025 ta sake ɗaukar na 17 a Maroko. Yaransu tare suke zaune, tare suke atisaye shekara da shekaru, shi ya sa in suka haɗu da tawagar da aka tara cikin mako uku sai su yi ta wasa da ita. Amma a gasar manya ta mata ba su taɓa wuce kwata fainal ba. Sifaniya kuwa ta ci na yara, ta ci na 'yan 20 a 2022, ta ci na manya a 2023, domin 'yan matanta suna da lig mai ƙarfi da suke komawa. Salma Paralluelo tana da dukkan kofunan uku.

Malam Habu:
Hajiya, kin yi mana gyara mai kyau, mun gode. Ni dai har yanzu ban ga dalilin da zai sa in ji kunyar kofi biyar ba.

Maman Ilham:
Ba wanda ya ce ka ji kunya Malam. Cewa aka yi kada a tsaya a nan.

Ɗan Gola:
Ni abin da yake ba ni haushi daban ne. Gasar nan fa manyan yaran ba sa zuwa. Lamine Yamal ya ci kofin Turai na manya kwana ɗaya bayan ya cika 17, me zai je yi a gasar yara? Ingila ta ci kofin 'yan 17 a Indiya a 2017, amma Sancho wasannin rukuni kawai ya buga, Dortmund ta ce ya dawo. Ƙungiyoyi ba dole ba ne su saki 'yan wasa, tunda gasar ba ta cikin ranakun da FIFA ta wajabta. Wato mu muna kai gwanayenmu, Turawa suna kai waɗanda ƙungiya ba ta buƙata a watan. In ka ci su, wa ka ci?

Sannan Haaland. A gasar 'yan ƙasa da 20 ta 2019 a Polan ya ci Honduras ƙwallo 9 shi kaɗai, aka tashi 12-0. Bai ci kowa ba kafin nan, bai ci kowa ba bayan nan, Norwe ta fita tun a rukuni, amma shi aka ba takalmin zinare. Wannan wace irin gasa ce?

Mahamadu:
To ai ka kashe maganarka da bakinka. Wanda ya ci 9 ɗin nan ba shi ne Haaland ɗin da ka sani yau ba? Ashe gasar ta nuna shi ke nan.

Ɗan Gola:
Salzburg ta riga ta saye shi kafin gasar, Yaya. Ba gasar ce ta gano shi ba.

Baban Sadiq:
Ingila ɗin da ka ambata ma akwai abin lura. A 2017 ta ci na 17 ta ci na 20 a shekara ɗaya. Foden, Guéhi da Gallagher daga ta 17 suka fito, kuma sun je wasan ƙarshe na kofin Turai a 2024. Daga ta 20 kuma akwai Ademola Lookman, wanda daga baya ya koma Najeriya, tunda wasan matasa ba ya ɗaure ɗan wasa da ƙasa har abada. Ya zama gwarzon Afirka a 2024. Wato Ingila ta yi rainonsa, mu muka mora. Ina ga wannan ma hujja ce ga Koci: manyan tawagoginmu yanzu sun fi dogara da yaran da aka horar a waje fiye da waɗanda suka ci mana kofin yara.

Koci Bala:
Haka ne, kuma ba laifin yaran ba ne. Amma kada mu yi kamar duk Afirka haka take. Maroko ta gina makarantar ƙwallo ta Sarki Muhammad na Shida kusa da Rabat, daga can En-Nesyri da Ounahi da Aguerd suka fito, waɗanda suka kai kusa da ƙarshe a Katar a 2022. A 2025 yaranta suka ci Ajantina 2-0 a wasan ƙarshe na 'yan ƙasa da 20 a Chile, Yassir Zabiri ya ci duka biyun. Su ginin suka fara yi, kofin ya biyo baya. Senegal ma haka, makarantar ƙwallo ta Génération Foot tana da yarjejeniya da Metz ta Faransa, yaro ya san matakin da zai taka bayan wannan. Ta nan Mané ya bi, da Ismaïla Sarr, da Pape Matar Sarr, da Lamine Camara. A 2023 suka kwashe kofin Afirka na 17 da na 20.

Malam Habu:
To yanzu da FIFA ta mayar da gasar 17 ta kowace shekara fa? Ƙasashe 48, kuma a Katar za a yi ta daga 2025 har 2029. Ni ban so ba. Abin da ake yi duk shekara ba ya da kwarjini. An kai yara ƙananan filayen atisaye na Aspire suna buga gasar duniya, sai wasan ƙarshe kaɗai aka kai babban fili, inda Fotugal ta ci Ostiriya 1-0. Da can ƙasa guda take karɓar baƙi, a zagaya birane, jama'a su cika fili.

Koci Bala:
A nan kam na saɓa da kai Malam. Lokacin da ake yi duk shekara biyu, yaron da aka haifa a shekarar da ba ta dace ba ya shiga uku: a wannan gasar ya yi ƙanƙanta, a ta gaba ya wuce. Rabin yara ke nan ba su da rabo, ba don ba su iya ba. Yanzu kowace shekarar haihuwa tana da gasarta. Kuma hukumar da ta saba tara yara wata uku kafin gasa ta watsar da su, dole yanzu ta riƙe tsari na dindindin, ko ta riƙa shan kunya duk shekara.

Abin da nake tsoro shi ne tara yara sama da dubu a unguwa ɗaya. Eja zai kalli wasa huɗu a rana ɗaya ba tare da ya hau mota ba. Ga mai neman ɗan wasa da gaskiya alheri ne, ga 'yan damfara ma haka.

Mahamadu:
Afirka ta samu gurbi goma a 2025, har Yuganda ta je karon farko. Mai kofi biyar kuma ba ta cikin goman.

Ɗan Gola:
Yaya Mahamadu ka dawo ke nan. Nijar ta je ne?

Mahamadu:
Ba mu je ba, amma mu ba mu ce wa kowa muna da kofi biyar ba.

Malam Habu:
Laifin tsarin shiyya ne. An cusa Najeriya da Ghana da Kodebuwa da Burkina Faso a shiyya ɗaya ta Yammacin Afirka, WAFU B, an ba su gurabe kaɗan, dole wani babba ya zauna a gida tun kafin a je gasar Afirka. A sake rabon guraben ku gani.

Koci Bala:
Burkina Faso ma a wannan shiyyar take Malam, kuma ita ce ta cire mu a kwata fainal na gasar Afirka a Aljeriya a 2023, ba shiyya ba. Ta je gasar duniya a 2023, ta sake zuwa a 2025.

Malam Habu:
Wannan wasan na Aljeriya kada ka sa in fara, ƙwallayen da muka zubar a ranar sun isa cin wasa uku. Bari in dawo daga masallaci, ban gama da kai ba Koci.